Zuwan da Gwaggo Ta Jira

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo ta rasu da hantsin wata Talata, a gidan kakanmu da ke Zaitawa, kanta a kan cinyata. Kafin azahar an yi mata sutura an kai ta makwancinta. Ita ce yayar mahaifina. Ita ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji a Kabara. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa, don haka a zaman makoki ni aka zaunar a gaba, ni ake yi wa gaisuwa.

Ban taɓa sanin tsakar gidan nan zai ɗauki mata haka ba. Tsofaffin ɗalibanta ne suka fi yawa, don ta yi shekaru tana koyar da Turanci a makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya. Manyan mata ne yanzu, wasu da jikoki. Sun bar motocinsu a bakin titi sun tako lungu da ƙafa, suna tattare lafaya saboda kwata. Kowacce ta durƙusa ta ce ya haƙuri, sai ta ɗora da abin da ta sani game da Malama.

Wata ta ce, tana share ido, "Malama ba ta taɓa ɗaga wa ɗaliba murya ba." Na sunkuyar da kai. Gwaggon da idan ta kira sunan yaro a tsakar gida sai mai shagon bakin lungu ya waiga.

Wata ta ce, "Kullum ina hanya zuwa duba ta. Ko kwanan nan na zo." Ni na yi jinyar Gwaggo tun saukar ruwan farko, ban taɓa ganin wannan fuskar ba.

Wata kuma ta matso ta riƙe hannuna ta ce Malama ta taɓa gaya mata a asirce cewa ita ce ɗalibar da ta fi so. Kafin la'asar na ji wannan asirin daga bakin da ya fi ɗaya.

Ina cewa amin, amin, na gode, Allah ya ba da lada. Amma akwai wani kunne da Gwaggo ta dasa mini tun ina ƙarama, shi bai yi makoki ba, yana ta tankaɗe da rairaya. Aminiyarta tana gefena, wata tsohuwa 'yar Barno mai haɗa turaren wuta, gidansu na jikin namu. Ta mintsine ni a cinya ta ce ƙasa-ƙasa, "Kina jin su? Da tana nan da ta tashe su tsaye ɗaya bayan ɗaya."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. A wuni guda na ga an ƙera wata Gwaggo mai laushi kamar auduga, wadda ban sani ba. Ina tsoron tawa ta ɓace a ƙarƙashinta.

Amma duk maganganun matan nan ba su dame ni ba kamar wadda maigidana ya kawo mini. Bayan la'asar ya aiko a kira ni soro. Na same shi fuskarsa a sake, kamar ba gidan rasuwa ba.

Ya ce, "Ashe Baba ya zo sun shirya da Gwaggo, ba ki gaya mini ba?"

Na ce, "Wa ya ce?"

"Shi da bakinsa, yanzu a ƙofar gida, a gaban liman da kowa. Ya ce ya zo ya same ta a ɗakinta tana zaune a kujerarta, ya durƙusa ya nemi gafara, ta dafa kansa ta ce ta yafe. Mutane har kabbara suka yi."

Da farko daɗi ne ya cika mini ƙirji, don Baba, mahaifina, ya yi shekaru masu yawa ba ya taka gidan nan saboda wata magana da ta shiga tsakaninsa da Gwaggo. Kafin in koma tabarmata daɗin ya huce. Gwaggo ba ta kwana a ɗakinta ba tun farkon damina, da rufin ya fara yoyo muka mayar da ita tsohon ɗakin Inna, kakata. Kujerar kuwa, ta daɗe da kasa zama a kanta. Ko kunu sai na tallafo kanta.

Sai na bayyana wace ce Gwaggo kafin a gane abin da wannan ya yi mini.

Doguwa ce, siririya, da tabarau mai igiya a wuya. Ba ta yarda da magana don an faɗe ta da ƙarfi ko an haɗa da rantsuwa. Ina ƙarama idan ta ce, "Uwata, kin yi sallah?" na ce na yi, ba ta musu. Sai ta miƙo hannu ta taɓa gwiwar hannuna ta ji ko da sauran damshin alwala. Uwata take kirana saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Idan ta aike ni kai abinci maƙwabta na dawo, sai ta tambaye ni wane zane matar gidan ta ɗaura. Ba don zanen ya dame ta ba.

Telanta ya sha wuya a hannunta. Ya zo ya ce, "Hajiya, ai na gama ɗinkin, guga kawai ya rage." Ta sauke tabarau ta dube shi.

"Ka gama ne, ko da an kawo wuta da ka gama?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "To, Hajiya, da an kawo wutar."

"Yawwa. Ka ga yanzu mun san inda muke. Je ka, Allah ya kawo wuta."

Bayan la'asar take yi mana darasi, ni da 'yan matan lungu masu shirin jarrabawa. Ba ta da allo a gida. Gawayi take ɗauka ta ja dogon layi a jikin katangar madafa, daga sama har ƙasa. Dama na abin da ya faru ne, hagu na abin da bai faru ba. A dama ta rubuta, ta karanta da ƙarfi.

"I went to the market. Na je kasuwa. Ƙafata ta taka, mai tumatir ya gan ni, ga cefane a hannuna."

Sai ta tsallaka hagu. "If I had gone to the market. Da na je kasuwa. Na je?"

Mu ce, "A'a, Malama."

"I wish I had gone. Ina ma na je. Na je?"

"A'a, Malama."

"To ku dube su da kyau, ku ga yadda suka yi kama. Bature idan zai faɗi abin da bai faru ba, rigar abin da ya faru yake ara masa. Mu ma haka muke yi, mu dai ba ma lura ne."

Takan ce ba wuyar Turanci ce ke kayar da yara a wannan darasi ba. Zuciya ce ba ta son layin, kullum so take ta ɗauko abu daga hagu ta lallaɓa ta ajiye shi a dama. Wata rana wata yarinya ta rubuta a dama cewa ta ci jarrabawa, alhali ba a ma zauna ba. Gwaggo ta ce, "Amin, 'yar nan. Amma mayar da shi gidansa tukuna, Allah ne zai tsallako da shi, ba ke ba."

Na lura da abu ɗaya tun a lokacin. Tana kawo misali da kasuwa, da makaranta, da tasha, da gidan biki. Ba ta taɓa kawo misali da asibiti ba.

Kada a ɗauka tsanani ne kawai a cikinta. Akwai wata matashiya a lungunmu da ɗanta na goye ya rasu bayan zazzaɓi. An yi sadakar uku, an watse, ita kuwa ta ƙi ci ta ƙi sha, bakinta ba ya faɗin komai sai da na yi kaza, da ban yi kaza ba. Mata suna ta ce mata ta yi haƙuri, ba ta jin su. Gwaggo ta dama kunu ta ce in riƙo mata, muka je. Ta zauna a ƙasa kusa da ita.

"Kin shayar da shi?"

"Na shayar."

"Kin goya shi da jikinsa ya yi zafi?"

"Na goya."

"Kin nema masa magani?"

"Na nema, Malama."

"To waɗannan su ne naki, su za ki tarar. Sauran da kike lissafawa ba su faru ba, ba wanda zai tambaye ki su. Malamai sun gaya mana irin wannan magana ƙofa take buɗe wa Shaiɗan. Rufe ta, ki sha kunu."

Ta sha. Har Gwaggo ta kwanta jinya, matar nan ba ta taɓa yin dambu ba ta aiko mata ba.

Ita da ta rufe wa wasu wannan ƙofar, ƙaninta ne ya buɗe mata ita. Ina makarantar sakandare lokacin da Inna ta kwanta ciwo. Baba yana kudu wurin fataucin goro. Gwaggo ta yi ta fama da Inna a kai ta asibiti, Inna ta ce ita ba ta taɓa kwana a gadon da wani ya mutu a kai ba, kuma ba ta yafe wa duk wanda ya ɗauke ta ba. Gwaggo ta kawo mai magani gida, ta yi abin da za ta iya. Allah ya karɓi abarsa. Baba bai iso ba sai bayan an binne. Ya shigo tsakar gida da kayan tafiya a jikinsa, mata cike, ya tsaya a kan Gwaggo.

"Ke da kika yi boko! Da kin kai ta asibiti da yanzu tana raye."

Tana riƙe da kwanon sha. Ta ajiye shi a hankali, ko ɗigo bai zube ba. Ta ce, "Auta, ka san haka ne, ko nema kake ka samu wanda za ka ɗora wa?"

Ya juya ya fita. Daga ranar bai sake taka gidan ubansa ba. Da sallah yakan aiko da shinkafa da atamfa daga gidansa na Ƙofar Na'isa, ita kuma ta aika da dubulan. Idan sun haɗu a wurin suna ko ɗaurin aure su gaisa kamar surukai. Ba wanda zai ce suna gaba, kuma ba wanda bai sani ba.

Ni ce a tsakiya, kuma ba ni da baki. Ni ce 'yar farin Baba, ga sunan mahaifiyarsa a kaina. Yaran yanzu za su yi dariya, amma tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban tsakiyar idona ba. Ko ina durƙushe a gabansa, katanga yake kallo ya ce, "A gaya wa mai sunan Inna an gode." Ni ma ban taɓa yi masa tambaya ba, ko ta ina za ka. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, haka muka tarar ana yi.

Da jikin Gwaggo ya yi nauyi na ga inda abin ya dosa, wata safiya ina shafa mata man zafi a ƙafa na yi ƙarfin hali.

"Gwaggo, don Allah ki yafe wa Baba."

Ta kalli rufi. Ta ce, "Uwata, so kike in ce na yafe ki ji daɗi. Ba zan gaya miki abin da bai faru ba. Na gwada, na yi ta gwadawa a kan sallaya, abin yana nan. Ya ce ni na kashe uwata, a gaban mutane." Ta numfasa. "Amma idan ya tako ƙafarsa ya zo gidan nan saboda wannan maganar, na yafe. Ko bai buɗe baki ba, na yafe. Allah shaida, ke shaida."

Na ce, "Bari in sa maigidana ya gaya masa."

Ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba. "Ban yarda ba. Idan an kira shi, kiran ya amsa, ba ni ya zo wa ba."

Daga ranar, duk sallamar namiji da aka yi a ƙofar gida sai na ga idonta ya tafi bakin ƙofa. Mai ruwa ne. Mai allura ne. Ɗan maƙwabta ne. Sai ta mayar da ido rufi.

Shi ya sa maganar da Baba ya yi a ƙofar gida ta hana ni sakewa. Ba ƙaryar kawai nake tsoro ba. Idan ya zo, an yafe masa. Idan bai zo ba, haƙƙin yayarsa yana wuyansa, ta tafi da shi, ga shi kuma ya ɗora wani abin a kai a gaban liman. Mahaifina tsoho ne, gemunsa ba baƙi ko ɗaya. Kuma ni kaɗai na san sharaɗin.

Kwanakin makokin nan ina karɓar gaisuwa da baki, zuciyata tana bincike. Na bi duk lokutan da na bar gidan. Ran Juma'a da safe nakan leƙa Kabara in ga yara, in bar aminiyarta a wurinta. Na ja tsohuwar gefe a madafa.

"Hajiya, ranakun da nake barin ki da ita, Baba ya taɓa shigowa?"

Ta ci gaba da juya garwashi a kasko. "Ni ban gan shi ba."

"To yaushe ya zo?"

"Ni gadin lungu aka ba ni? Ke 'yar nan, ki bar dattijo ya riƙe abin da zai tsayu da shi. Wa maganarsa ta cuta?"

Na ce a raina, shi ta cuta. Na gwada maigidana, na ce ya sake faɗa mini daidai yadda Baba ya ce. Ya maimaita, ɗakinta, kujerarta. Na ce kujerar tana can an jingine ta, an ɗora mata buhun gero. Ya dube ni kamar bai san ni ba.

"Mahaifinki kike tuhuma? A kwanakin nan? Ki ji tsoron Allah."

Ina jin tsoronsa, shi ya sa. Na yi ta istigfari a kan zato, zaton ya ƙi tafiya. Na ce wataƙila tsufa ne ya rikita masa ɗakunan. Na ce wataƙila ina banɗaki, ko na zaga shanya. Amma Gwaggo da ba za ta ɓoye mini ba, ita da idonta ke bakin ƙofa har ranar ƙarshe. Ga wani abu kuma: tun da aka fara zaman nan Baba yana ƙofar gida a kan tabarma tare da maza, bai tsallako soro ya yi wa mata gaisuwa ba. Wanda aka dafa wa kai a cikin gida, me zai hana shi shiga?

Ana gobe addu'ar bakwai, na ga idan aka watse shi ke nan, maganar ta zauna a bakin mutane, shi ma ta zauna masa. Da la'asar na roƙi maigidana ya ce wa Baba akwai saƙon Gwaggo, ya shigo soro shi kaɗai. Na tsaya a bayan labulen ƙofar ciki. Na ji takunsa, na ji ya zauna a kan dakali, na ji ƙarar carbi.

"Baba, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. An ce akwai saƙo."

"Akwai. Amma a gafarce ni, ina da tambaya tukuna. Ranar da aka zo, a wane ɗaki aka same ta?"

Carbin ya tsaya.

"Ɗakinta."

"Baba, ɗakinta yana yoyo tun farkon damina. A ɗakin Inna ta yi jinya."

Da na faɗa sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jiyo mai gyaɗa tana talla a can ƙarshen lungu. Sannan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Rainon Yaya ne, ba shakka." Ya ja numfashi. "Ban shiga ba. A gaya wa mai sunan Inna ban shiga ba. Na zo. Na taso daga Ƙofar Na'isa a ƙafa, ban hau komai ba, don in samu lokacin shirya abin da zan ce. Na shigo soron nan, na tsaya a nan inda nake. Shi ke nan."

Allah ya yafe mini, ko a nan kunnen da Gwaggo ta dasa mini bai kwanta ba. Wanda ya ƙera ɗaki da kujera zai iya ƙera soro. Na ce, "Da aka tsaya, me aka ji?"

"Muryar namiji na ji, mai allura ne ina tsammani, yana yi mata Turanci. Ni ban san abin da yake cewa ba. Na dai ji tana katse shi, da muryar nan da ta shaƙe, tana sa shi ya sake. Ya sake, ta ce bai yi ba. Ya sake. Har ya ce, Mama, ni allura na zo yi, ba jarrabawa ba."

Na dafa bango. An yi haka. Wata Laraba ce da yamma, mai allurar yana yi mata faɗan ta ƙi shan magani jiya, yana so ya ce da ta sha da ta ji ƙarfi, ya haɗa Turancin a karkace. Gwaggo, numfashi yana yi mata wuya, ta ƙi miƙa hannu sai da ya gyara. Mu uku ne a ɗakin, ban taɓa ba kowa labarin ba.

Baba ya ci gaba, muryarsa ta canza. "Sai aka yi dariya. Mai sunan Inna ce ta yi. Wallahi dariyar Inna ce sak, kuma daga ɗakin Inna. Na ce yanzu in shiga in durƙusa in yi kuka a gaban 'yar fari, a kan maganar Inna, ita kuma tana ɗauke da sunanta? Na ce bari in dawo ranar da ba ta nan. Na yi ta cewa gobe. Ranar da aka kai Yaya makwancinta, mutane suna ta kallona, kowa ya san abin da ke tsakaninmu. Na buɗe baki, abin da na shirya a hanya shi ya fito, har da amsar da na so ta ba ni."

Ashe ni ce. Zaman da na yi a gefenta ban ɗaga ba, shi ya tare masa ƙofa. Na yi kuka a bayan labulen nan ba sauti, sannan na share fuska na ba shi saƙon, kalma bayan kalma, yadda ta faɗa. Idan ya tako ƙafarsa ya zo gidan nan saboda wannan maganar, na yafe, ko bai buɗe baki ba.

Na ji ya miƙe. Na ga ƙafafunsa ta ƙarƙashin labule sun matso.

"Ke," ya ce. Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini ke ba. "Ke, soro yana cikin gida?"

Wallahi na so in ce ta yafe, Baba, da bakinta ta ce ta yafe, je ka kwanta da daɗin rai. Maganar ta zo har kan harshena. Na ce, "Baba, ban san yadda za a auna shi a can ba. Abin da ta ce ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Ba ta san ka zo ba. Amma ta kafa Allah shaida, kuma shi ya ga takunka."

Ya fita.

Washegari da safe aka taru addu'a. Maza sun cika ƙofar gida har cikin soro, ni kuma ina bayan ƙofar ciki ina miƙa kwanukan waina. Liman ya gyara murya zai fara, sai na ji Baba ya ce a dakata.

"Jama'a, ranar da aka kai Yaya na faɗi wata magana a nan, kuka yi kabbara. Ba haka aka yi ba. Na zo har soron nan, na kasa shiga, na koma. Ba ta dafa kaina ba, ban ga fuskarta ba. Ni na zalunce ta da bakina a gaban mutane, ga shi ina faɗa a gaban mutane. Ba ita ta kashe Inna ba, kwana ne ya ƙare. Ku roƙa mini Allah."

Wani tsoho ya yi gyaran murya, wani ya ce Allahu akbar a hankali, ba irin ta rannan ba. Liman ya ɗaga hannu, aka yi addu'a mai tsawo, aka shafa.

Da mutane suka ragu, ina tattara kwanuka a tsakar gida, sai na ga mata suna jan mayafi suna matsawa gefe. Baba ne ya tsallako soro. Bai dubi kowa ba. Ya tsaya yana duban ƙofofin kamar baƙo, a gidan da aka yanke masa cibiya. Aminiyar Gwaggo ta ɗaga hannu ta nuna masa ɗakin Inna. Ya taka a hankali har bakin ƙofa, ya cire takalmansa ya jera su. Ba komai a ciki sai gadon da aka naɗe wa katifa. Ya tsaya, ya yi sallama da murya sosai, yadda ake yi wa babba.

Ba wanda ya motsa. Na ajiye kwanukan, na amsa masa.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka, ba ta ƙara a kan abin da ta gani ba, ba ta rage ba. Ka yi mata rahamar da ta fi abin da muka iya roƙo, ka yalwata kabarinta, ka sada ta da Inna. Ka karɓi takun ƙaninta. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.